Ƙishirwar Da Ta Ɗauke Abokiyar Tagwaicina

Ina yi wa ma'aikatan wannan mujalla da duk mai karanta ta sallama. Na daɗe ina son in rubuto muku labarin nan, amma duk sanda na ɗauki biro sai hannuna ya yi nauyi in ajiye. Ku yi mini uzuri, ba zan ambaci sunan kowa ba, har da nawa. Lokacin da abin ya faru ina yarinya 'yar shekara goma sha uku a garin Matameye, na shiga kwaleji, wato ƙaramar sakandare, ke nan. Ba ni kaɗai na zo duniya ba, mu tagwaye ne, mata, kamarmu ɗaya har maƙwabta kan tsaya su tambaya wace ce a gabansu. A hali ne muka bambanta. 'Yar'uwata ce mai baki da dariya, ita ke cinikin kayan miya idan an aike mu kasuwa, ita ke rama mini idan an tsokane ni. Ni kuwa mai shiru ce, ina bin bayanta kawai. Babanmu yana da gona da ɗan lambu a fadamar wajen Dungu inda yake shuka rake da tumatir, Inna kuma tana yin man gyaɗa da ƙuliƙuli a gida. Ba mu da yawa, amma ba mu taɓa kwana da yunwa ba sai wannan shekarar.

Damina ce ta yi gardama. Ruwa ya ɗauke tun gero bai cika ido ba, abin da aka girba bai kai rabin rumbu ba, rijiyoyin fadama ma suka ja baya. Ana cikin haka, da rani, muka ji a rediyo sojoji sun karɓi mulki. Ba na mance yadda Baba ya kashe rediyon ya ce ko wa ya hau, shi dai fatansa hatsi ya sauko. Hatsi bai sauko ba. Mutanen ƙauyuka suka riƙa shigowa gari da jakuna babu kaya, samari suka tsallaka iyaka neman aiki. A gidanmu tukunya ta koma hawa sau ɗaya, da rana sai fura mai ruwa-ruwa. Kowa ya rame, manya da yara, don haka ramar mutum ta daina zama abin tambaya. Wannan shi ya rufe mana ido.

'Yar'uwata ta fara da shan ruwa. Ta sha moɗa cike ta ajiye, kafin a jima ta koma bakin randa. A makaranta takan shanye gorarta ta haɗa da tawa, sannan ta yi ta ɗaga hannu tana neman izinin fita bayan gida. Muka ce zafi ne, don kuwa zafin shekarar ya kai. Sai ta fara zubewa fiye da kowa. Zanen da muke ɗaurawa iri ɗaya, nata sai ta ƙara naɗe shi. Abin mamaki kuma ba ta ƙin abinci, ita ce ma ke fara cinye nata tana kallon namu. Baba ya lura, sai ya shiga cewa ya ci wani abu a lambu, ya tura mata kwanonsa. Mun san bai ci komai ba. Inna kuma idan ta ga ta yi laushi sai ta dama mata kunu ta zuba sukari da yawa, wai ta samu ƙarfi, ko ta ce Baba ya taho mata da rake. Duk abin da muka yi mata don ƙauna muka yi shi. Wata safiya Inna tana shara ta ga tururuwa sun yi baƙi a inda 'yar'uwata ta yi fitsari a makewayi. Ta kira mu ta nuna mana tana dariya, ta ce shekarar nan har tururuwa ƙishirwa suke ji. Mu ma muka yi dariya, har da mai abin.

Da ta daina iya zuwa makaranta aka ce masassara ce, aka sayo ƙwayoyi ta sha. Wata maƙwabciya ta ce ciwon shawara ne, aka jiƙa saiwoyi. Ba mu kai ta likita ba, ba don ba ma son ta ba, sai don a lokacin asibitin garin cike yake da ƙananan yara masu tamowa, kuma mun ɗauka abin da za a gaya mana ke nan, a ba ta abinci. Na tuna wani yammaci ina tsefe mata kai, ta jingina da gwiwata ta ce mini ita dai ta gaji, ko barci ta yi ba ya isar ta. Ta ce in ta warke sai mun je Damagaram mun ga duwatsun nan da ake labari, don ba mu taɓa zuwa ba. Na ce to.

Ranar da ta fara amai da ciwon ciki ne hankalin kowa ya tashi. Numfashinta ya canza, tana jan shi da ƙarfi kamar wadda ta yi gudu, bakinta yana wani irin wari mai zaƙi-zaƙi, ana yi mata magana ba ta amsawa sosai. Baba ya goya ta har asibiti, ni da Inna muna binsa. Wadda ta karɓe mu mace ce mai ɗan shekaru, ita ce majo, wato babbar ma'aikaciyar jinyar wurin. Ta sunkuya ta shinshina bakinta, ta tambayi Inna ko yarinyar tana yawan shan ruwa da fitsari. Inna ta ce ai ta jima tana haka. Majo ta ɗauko wata 'yar na'ura, ta soki yatsan 'yar'uwata ta ɗiga jinin. Na ga fuskarta ta canza. Ta ce wa Baba sukarin jinin yarinyar ya hau har ya wuce abin da na'urar ke iya nunawa, ta sa mata ruwa a jijiya, ta ce dole a tafi Damagaram yanzu. Aka sa mu a motar asibiti. A hanya sojojin da ke shinge suka leƙo, da suka ga halin da take ciki suka ɗaga mana hannu mu wuce. Ina riƙe da ƙafarta har muka isa. Na ga duwatsun ta taga, ita idonta a rufe. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, amma washegari da hantsi Allah ya karɓi abarsa.

Kafin mu taho likitan da ya duba ta ya kira Baba da Inna, ya ce a shigo da ni. Ya yi musu gaisuwa, sannan ya ce yana son su ji da kyau, ba yunwa ce ta kashe ta ba, ba kuma shan zaƙi ne ya jawo mata ciwon ba, ba sammu ba ne. Ya ce akwai nau'in ciwon sukari da ke kama yara da matasa, garkuwar jikin mutum ce ke rikicewa ta juya ta lalata wurin da ke samar da insulin, sinadarin da ke shigar da abinci cikin tsoka. Idan babu shi, yaro zai ci ya ci amma jikinsa yana yunwa. Ya ce da an gano da wuri, da allurar insulin ta riƙe ta da izinin Allah. Inna ta rufe fuska da mayafi. Sai ya dube ni ya ce tunda mu tagwaye ne masu kama ɗaya, ni ma ina iya kamuwa, ba dole ba ne amma haɗarin yana da yawa. Ya gwada ni nan take, ya ce lafiya lau, amma a riƙa kai ni wurin majo a kai a kai ana dubawa. A gabanmu ya kira ta a waya ya gaya mata.

Da muka dawo gida maganar likita ta nutse cikin maganganun masu ta'aziyya. Mata suna shigowa, su dube ni su fashe da kuka, don fuskar mamaciyar suke gani. Wasu suna raɗa wa Inna cewa ɗan tagwai ba ya tafiya shi kaɗai, sai ya kira ɗan'uwansa. Aka ba ta shawara ta nisanta ni da gidan da ɗakin da muke kwana. Inna ta haɗa wannan da abin da likita ya faɗa, ta ga ai magana ɗaya ce, 'yarta ta biyu ma tafiya za ta yi. Bayan addu'ar bakwai ta haɗa mini kaya ta kai ni Kurni wurin kakata. Baba bai so ba, amma ya kasa yi mata musu a halin da take.

Zaman Kurni shi ne mafi wuya a rayuwata. Ban taɓa kwana ni kaɗai a tabarma ba sai a can. Kuma na sa wa raina cewa ƙishirwa ita ce kiran da ake faɗa, ranar da na fara shan ruwa da yawa, ranar 'yar'uwata ta kira ni. Sai na daina sha. In kurɓi kaɗan da safe in haƙura, leɓena ya tsage, kaina yana sarawa, ga zafi. Kakata ta miƙo mini moɗa in ce na sha. Tsohuwa ta rasa yadda za ta yi da ni, sai ta zaunar da ni kusa da ita tana kaɗi tana ba ni labarin Inna tana yarinya, ko zan yi dariya.

Ashe majo ba ta manta da ni ba. Da ta ga ba a kawo ni ba ta aika makarantarmu, madam, malamar ajinmu, ta ce ai ban dawo ba tun rasuwar. Su biyu suka je gida suka tarar da Baba, ya gaya musu inda nake. Wata ranar da aka fito rigakafin yara a ƙauyuka sai ga majo a bayan babur a ƙofar gidan kakata. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta kira ta Iya, ta yi mata gaisuwar rashi kamar 'yar gida. Ba ta ce maganar mutane ƙarya ce ba. Cewa ta yi, Iya, idan har akwai abin da ke bin yarinyar nan, ai gara mu tsaya a hanya mu gan shi tun yana nesa. Kakata ta ce to a duba ta. Da majo ta kama hannuna ta ga leɓena, ta tambaye ni ko ina shan ruwa. Na fashe da kuka na gaya mata komai. Ta rungume ni ta bar ni na yi mai isata, sannan ta gwada jinin ta nuna mini lambar, ta ce dubi, lafiyarki lau. Ta ce ruwa ba shi ya kashe 'yar'uwarki ba, jikinta ne ke neman taimako da shi, mu ne ba mu ji ba. Ta ɗebo ruwa da kanta ta tsaya a kaina har na shanye. Kakata ce da kanta ta rako ni Matameye, ta ce wa Inna ta bar yarinya kusa da masu na'ura.

Na koma makaranta. Majo ta zauna da madam ta gaya mata alamomin da za ta lura da su. Lokaci-lokaci Baba ya ɗauke ni a keke mu je a soki yatsana, majo ta kira likitan Damagaram ta gaya masa abin da ta gani. Idan takardun gwajin suka ƙare a asibiti, wanda ya sha faruwa a shekarar, sai ta sa a taho da su daga can. Aka yi damina, ruwa ya sauka sosai, aka yi girbi, mutane suka fara mayar da jiki. Har na fara ganin kamar ana wahalar da Baba ne a banza. Sai wata safiya, ban karya ba, aka gwada majo ta ce lambar ta ɗan hau. Ta ce in dawo gobe. Washegari ma haka, ta ƙara. Ni kuwa ban ji komai ba, sai ɗan gajiya da na ɗauka ta karatu ce. Ta dube ni ta ce abin da muke tsaro ya iso, amma mun riga shi. A motar haya muka tafi Damagaram ni da Baba da Inna, da ƙafata na shiga ofishin likitan. Ya sake gwaje-gwaje, ya tabbatar irin ciwon 'yar'uwata ne, ya ce lokacin fara allura ya yi, kuma zan riƙa yin ta kullum har iyakar rayuwata.

Nan Inna ta tubure. Ta ce ba za a mayar mata da 'ya abin tsira ba, yarinya tana tafiya da ƙafarta a ce allura har mutuwa, wa zai aure ta, ina ma laifin a bar ta ta yi kwanakin da suka rage mata cikin salama. Likita bai yi faɗa ba. Ya ce mu jira a waje. Can sai ga wata mata ta zo da goyo, ta gaishe da Inna ta zauna kusa da ita a benci. Ta ce likita ne ya roƙe ta ta zo. Ta ce tun tana budurwa take wannan allura, ta yi aure, wannan na bayanta shi ne na biyu. Ta ɗaga gefen rigarta ta nuna wa Inna cikinta inda take yi, ta fito da allurar, 'yar siririya gajeruwa. Inna ta karɓi yaron ta ɗora a cinya tana kallonsa, hawaye na zuba. Da ta buɗe baki cewa ta yi, to a koya mini ni ma, don ranar da hannunta ya yi rawa in yi mata. A jikin lemon zaƙi Inna ta koyi allura, macen da ko kaza ba ta iya kallon ana yankawa.

Daga nan lafiyata ta zama aikin mutane da yawa. Likita yana Damagaram yana tsara yawan maganin, majo tana Matameye tana dubawa tana gaya masa, tana kuma ajiye mana sauran kwalaben maganin a firigon asibiti, wato firij, tunda ba mu da wuta a gida. Wadda nake amfani da ita Inna ke sa ta a wata 'yar tukunyar ƙasa da ta binne cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwa. Ta koyi auna mini tuwo da hannu, ta ƙara ganye da wake, ta daina bari in fita ban karya ba. Madam tana ajiye ƙwayoyin sukari a aljihun teburinta, don an gaya mata allurar kan sa sukarin ya faɗi ƙasa. Ranar da na fara rawar jiki da gumi a aji, ina ganin allo bibbiyu, ba ta ruɗe ba, ta sa mini a baki ta zaunar da ni har na dawo daidai, ta ci gaba da darasi kamar ba a yi komai ba, don kada yara su mayar da ni abin kallo. Da azumi ya zo na nace sai na yi. Baba ya kai ni wurin malamin unguwarmu, ya gaya masa abin da likita ya ce. Malam ya ce mini, 'yata, wanda ya ɗora azumi shi ya ɗauke wa marar lafiya, kada ki fi shi tsanantawa kanki. Ba zan ce komai ya tafi sumul ba. An yi lokutan da maganin ya yi wuyar samu, an yi ranakun da na gaji na yi kuka na ce na daina. Amma duk sanda na saki, sai in tarar wani yana riƙe.

Yau ni matar aure ce, ina da 'ya'ya, ina koyarwa a makarantar firamare. Majo ta yi ritaya, ina zuwa gaishe ta da salla. Baba ya rasu. Inna ta tsufa, amma har yanzu idan na kira ta a waya, kafin ta amsa gaisuwa sai ta tambaye ni ko na yi allura. Na yarda kwanan 'yar'uwata ne ya ƙare, ban ja da hukuncin Allah ba. Sai dai nadamar da ke zaune a gidanmu ita ce komai a gabanmu ya faru, mun ga shan ruwan, mun ga ramar, mun ga tururuwan, babu wanda ya san abin da yake gani. Abin da na koya shi ne ciwon nan ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Da likita kaɗai ne, da maganarsa ta tsaya a ofis. Da iyayena kaɗai ne, da tsoro ya ci su. Sai da kowa ya kama gefensa.

Shi ya sa nake roƙon iyaye da malaman makaranta, musamman a shekarun da abinci ya yi wuya kowa ya rame. Idan kun ga yaro yana shan ruwa ba ya ƙoshi, yana yawan fitsari ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, yana ci amma yana zubewa, kada ku ce zafi ne ko yunwa ku zauna. Ku kai shi a gwada sukarinsa, ku faɗa da bakinku cewa gwajin sukari kuke so. Ciwon sukari ba na tsofaffi da masu ƙiba kaɗai ba ne. Idan an same shi a jikin yaro ɗaya, ku tambayi likita yadda za a riƙa duba 'yan'uwansa, kuma ku sanar da malaminsa, kada kunya ta sa ku ɓoye. Ni da 'yar'uwata jini ɗaya ne, ciwo ɗaya ya same mu a gida ɗaya. Ita an soki yatsanta tana kan gadon mutuwa, ni an soki nawa ina sanye da kayan makaranta. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa ta a addu'a. Tana da shekara goma sha uku.